Suna da Hali a Bakin Kogi

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tunani a kan tarbiyya: idan mutum ya yi suna a wata sana'a har jama'a suka ɗauke shi madubi, shin abin da ransa ya fi so ya zama doka ke nan a kan kowa? Wanda kuma ya saɓa masa, ya fita daga sahun mutanen kirki? Tambayar ta shafi malami da almajirinsa, ta shafi maƙeri da ɗan koyo, ta shafi kowace ƙungiya mai da'awar tsare al'ada. Domin mu dube ta da idon basira ba tare da son rai ya shiga ba, zan kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, ga wata sana'a da ba tamu ba, inda ba mu da dangi balle abokin gaba. Wurin shi ne kudancin Ingila, sana'ar kuwa fatsa da ƙwaron ƙarya.

Yadda sana'ar take

Mu nan mun san su da koma da taru, mun san ƙugiya mai tana a baki, kuma masunci don cefanen gidansa yake shiga ruwa. Waccan fatsar kuwa wasa ce ta masu hali. Mai ita yakan ɗauki ƴar ƙaramar ƙugiya ya naɗe ta da zaren siliki da gashin zakara, har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Ba ya sa tana, ba ya ɗaura darma. Nauyin igiyar ne ke kai ƙwaron inda ake so, idan ya kaɗa sandar kamar mai kaɗa bulala. Kifin da ake nema wani ne mai ɗigo-ɗigo a jiki, wanda Faransawa ke kira truite, mai wayo da tsoro ƙwarai.

Cibiyar wannan wasa ita ce lardin Hampshire, inda kogunan Test da Itchen ke gudana. Ruwansu daga ƙarƙashin duwatsun alli yake ɓuɓɓugowa, garau kamar madubi, da sanyi duk shekara, kuma mafi yawan irin waɗannan koguna a duniya a Ingila suke. Mutum na tsaye a gaɓa yana ganin kifi, shi ma kifin yana kallonsa. A nan karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ba ta bukatar fassara. A gindin ruwan akwai ƙwari da ke shafe shekara ɗaya ko biyu suna rarrafe cikin ciyawa da laka ba su da fiffike. Idan lokacinsu ya yi sai su taso sama, su saɓe fata, su tashi kamar shinge bayan ruwan sama, su rayu kwana ɗaya ko biyu su mutu. Kifi yana cin su tun suna ƙasa, yana kuma cin su idan sun hau saman ruwa. Daga wannan ƴar gaskiya ce rigimar duka ta taso.

Halford da dokarsa

Frederic Halford, wanda aka haifa a shekara ta 1844, ɗan gidan masu arziki ne da ya bar kasuwanci ya ba wa kogi sauran rayuwarsa. A 1886 ya fitar da littafinsa na farko a kan yadda ake ɗaura ƙwaron da ke tsayawa a saman ruwa ba ya nitsewa, a 1889 kuma ya biyo da na biyu a kan yadda ake fatsa da shi. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, amma shi ya tsara ta, ya ba ta ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa ita ce: ka tsaya ƙasa da kifi, ka jira sai ka gan shi ya taso ya ci ƙwaro a sama, ka gane wane irin ƙwaro ne, sannan ka jefa masa busasshen kwaikwayonsa ta yadda ruwa zai kawo masa shi kamar na gaske. Idan kifi bai taso ba, ka zauna ka yi haƙuri, ko da za ka koma gida hannu rabbana.

Kada a raina wannan ƙa'ida, domin akwai tarbiyya a cikinta. Mai fatsa yawanci shi kaɗai yake a bakin ruwa, babu alkali, babu shaida. Yana da hanyar da zai kama kifi cikin sauƙi, amma ya ɗaure wa kansa hannu da gangan, ya zaɓi mai wuya. Wanda ya iya riƙe alkawarin da ya ɗaukar wa kansa a inda ba mai ganinsa ya koyi wani abu na kamun kai, kuma Halford ya koya wa dubban mutane hakan. Ya kuma koya masu lura da halittu, domin ya sa su tara ƙwari suna duba su da gilashin ƙara girma.

Sai dai da shekaru suka ja, suna ya yi nauyi, shawara ta rikiɗe ta zama hukunci. A littafinsa na ƙarshe, na 1913, ya ware babi guda a kan ɗa'ar wannan fatsa, inda ya nuna cewa nitsar da ƙwaro a irin waɗannan koguna saɓa wa ɗa'a ne. Ya rasu a 1914, mabiyansa kuma suka ƙara wa miyar gishiri. Mukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a wannan karon sarki ma yana da nasa kaso, tun da shi ya fara sa kalmar ɗa'a inda ya kamata ya ce zaɓi.

Skues da cokalinsa

George Skues lauya ne a Landan, an haife shi a 1858, kuma ido ɗaya ne kawai ke yi masa aiki sosai. Tun 1883 yake fatsa a wani yanki na Itchen da ake kira Abbots Barton, kusa da garin Winchester. Ya fara ne a matsayin ɗalibin littattafan Halford. Amma ya lura da cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana ci a sama, a ƙasa da fatar ruwa kaɗan yake tare ƙwarin da ke tasowa. Domin ya tabbatar, sai ya riƙa zura wani siririn cokali, irin wanda Turawa ke cire ɓargo da shi, a cikin kifin da ya kama, ya zube abin da ya fito a farin faranti. Mafi yawan abin da ya gani ƙwari ne marasa fiffike. Abin mamaki shi ne Halford da kansa ya riga ya fede kifaye ya ga haka, ya kuma rubuta, amma bai bar abin da idonsa ya gani ya taɓa dokarsa ba.

Skues ya bayyana ra'ayinsa a littafin da ya fitar a 1910, ya faɗaɗa shi a wani na 1921. Shi ma yana da ƙa'ida mai tsauri: sai ka ga kifin, sai ka tabbatar yana ci, sai ka tsaya ƙasa da shi, sai ka jefa masa kwaikwayon ainihin abin da yake ci. Bambancinsa da Halford bai wuce faɗin ƴan yatsu ba, wato tazarar da ke tsakanin saman ruwa da ƙasansa kaɗan. A kan wannan tazara aka yi kusan shekara talatin ana muhawara a jaridu.

A watan Fabrairu na 1938 ƙungiyar masu wannan fatsa ta Landan, wadda aka kafa tun 1884, ta shirya zama a kan ko hanyar Skues ta dace da ɗa'a. Yana da shekara 79 a lokacin. Jagoran masu suka shi ne Sir Joseph Ball, tsohon jami'in leƙen asiri, aminin firaminista Neville Chamberlain. Mafi yawan waɗanda suka yi magana ba su goyi bayan tsohon ba. A can Abbots Barton ma zama ya yi tsami tsakaninsa da abokan hayar ruwan, har a wannan shekara ya haƙura ya bar kogin da ya yi fiye da shekara hamsin yana bi. A 1939 ya amsa wa masu sukarsa da wani littafi, ya rasu a 1949. A yau galibin masu kula da waɗannan koguna sun yarda da hanyarsa, ko da yake wasu ba sa buɗe ta sai bazararsu ta yi nisa, kuma ana lissafa shi cikin manyan malaman sana'ar.

Ladabin wasa da halin kirki

To, mai karatu, wa ya yi daidai? Saurin cewa an zalunci Skues ba zai ishe mu ba, sai mun ba wa abokan hamayyarsa hakkinsu. Sun kawo hujja cewa wanda ke jefa ƙugiya ƙarƙashin ruwa ba ya ganin abin da ya kama sosai, don haka yakan soki ƙananan kifin da ba su isa kamu ba, ya kuma tsorata sauran har su ƙi tasowa ga wanda zai zo bayansa. Wannan magana ce ta cutarwa, kuma duk inda aka ambaci cutarwa an shiga fagen ɗa'a na gaskiya. Sai dai magana ce da ake iya aunawa. Skues ya amsa cewa shi ba ya jefa wa kifin da bai gani ba. Idan wani malalaci ya fake da sunansa yana lalube a ruwa, laifin lalube ne, a hana lalube. Duk da haka akwai ɗan nauyi a wuyansa, irin wanda ke wuyan Halford: mai suna ya san cewa masu koyi da shi sukan ɗauki sauƙin hanyarsa su bar wuyarta, don haka wajibi ne ya yawaita faɗar sharaɗi kamar yadda yake faɗar dabara.

Akwai kuma hujja ta biyu. Mutane ne suka haɗa kuɗi suka yi hayar ruwa, suna da ikon su ce a wurinmu ga yadda za a yi. Wanda ya shiga ƙungiya ya ɗauki alkawari, in dokarta ta yi masa ƙunci ya nemi a canza ta a fili, in an ƙi ya bi ko ya fita. Skues bai yi ta ɓoye ba. Ya faɗi ra'ayinsa da sunansa, da zama ya gagara ya tafi. Ta wannan fuska babu wanda ya ci amanar wani.

Inda aka kauce shi ne wurin da aka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai ladabin wasa, wato dokokin da masu wasa suka ƙaga domin wasan ya yi daɗi ya yi wuya. Ana iya canza su gobe ba tare da sama ta faɗo ba. Akwai kuma halin kirki, wanda ya shafi gaskiya da amana da barin cutarwa, shi kuwa ba ƙungiya ce ta ƙaga shi ba. Ma'aunin raba su yana da sauƙi: a tambaya wa aka cuta, wa aka yi wa ƙarya, alkawarin wa aka karya. Idan amsar ita ce babu, to abin da ya rage bambancin sha'awa ne. Da mabiyan Halford sun ce wa Skues hanyarka ba ta yi mana ba, da sun tsaya a kan hakkinsu. Da suka ce hanyarsa ba ta mutanen kirki ba ce, sun ɗauki abin da bai fi ɗinkin riga ba suka mai da shi ma'aunin mutunci, suka ɓata wa dattijo suna a ƙarshen rayuwarsa. Ɓata suna kuwa cutarwa ce ta gaske. Ke nan wajen tsare ladabi suka taka halin kirki.

Tarihi ya ƙara mana wani abin lura. Masana sun tabbatar daga baya cewa shi Sir Joseph Ball, a daidai waɗannan shekaru, yana juya wata jaridar mako-mako mai suna Truth a asirce, yana amfani da ita wajen shafa wa abokan hamayyar Chamberlain baƙin fenti, har da Winston Churchill. Wannan bai rushe hujjarsa a kan ƙananan kifi ba, domin hujja ba ta ƙazanta saboda bakin da ya faɗe ta. Amma ya nuna mana cewa tsanani a kan ƙananan dokoki ba shaidar hali ba ne. Mutum yana iya ƙyamar jiƙa ƙwaron ƙarya, alhali bai ƙyamaci sukar mutane daga bayan labule ba.

Sunan wa, aikin wa

Tambaya ta biyu ita ce yadda suna ke rabuwa tsakanin mutane. A 1879 Halford ya haɗu da George Marryat a wani kantin kayan fatsa a Winchester. Mutanen zamanin sun shaida cewa Marryat ya fi kowa iya jifa da ɗaurin ƙwaro, kuma da shi aka yi binciken da ya haifi littafin 1886. Halford ya nemi a sa sunayensu tare, Marryat ya ƙi. Ya rasu a 1896 bai bar littafi ko ɗaya ba. A nan babu ɓarawo babu wanda aka sata wa. Ɗaya ya yi tayin gaskiya, ɗaya ya zaɓi inuwa. Amma sakamakon shi ne duniya ta san mai alƙalami ta kusa manta mai hannu.

Ƙasa da Marryat kuma akwai masu gadin kogi, waɗanda ke yanke ciyawar ruwa, su gyara gaɓa, su share tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai. Ba don su ba da babu kifin da za a yi gardama a kansa. William Lunn ya fara wannan aiki a kogin Test a 1887, ɗansa ya gaje shi, jikansa ya gaji ɗan, gida ɗaya ya yi fiye da shekara ɗari yana yi wa manya hidima. Frank Sawyer, wanda aka haifa a 1906, bai yi dogon karatu ba. Daga 1928 yake gadin wani yanki na kogin Avon har ya rasu a bakinsa a 1980. Shi ya ƙera wani ƙwaro da gashin jelar tsuntsun daji da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda a yau ake amfani da shi a ko'ina cikin duniya. Abin da ya kamata a rubuta wa Skues a shafin alheri shi ne, a tsufansa bayan an kunyata shi, ya riƙa musayar wasiƙu da wannan mai gadi, yana ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta abin da ya sani. Charles Ritz ma, ɗan mai shahararren otel ɗin nan na Paris, wanda ya fitar da nasa littafin fatsa a 1953, bai ji nauyin yabon gwanintar Sawyer ba. A ganina a nan ake gane mai suna na ƙwarai: yana ɗaukar sunan kamar fitila ya haska wanda ke bayansa.

Hakkin wanda ba ya magana

Duk gardamar da muka bi tsakanin mutane aka yi ta, ba wanda ya tambayi kifi. Wani Ba'amurke mai suna Lee Wulff, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1991, tun a 1939 ya fara kira da a riƙa sakin kifi bayan an kama shi, domin ya ga masu fatsa suna ƙaruwa kifi yana raguwa. Kiran ya karɓu, har ya zama alamar wayewa a Amurka da Ingila, kuma ya taimaka wajen ceto kifin koguna da dama. Ga shi kuwa wata ƙasa ta dubi abin ta wata fuska. A 2008 Suwizalan ta kafa dokar da ta hana mutum yin fatsa da niyyar sakin abin da ya kama, a Jamus ma dokar kare dabbobi ta hana azabtar da dabba ba da dalili mai ƙarfi ba. Hujjarsu ita ce wanda ya kama don ya ci yana da uzuri, wanda ya soki bakin kifi don nishaɗi kawai ba shi da shi. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotilan sun nuna cewa akwai jijiyoyin jin rauni a kan wannan kifi da leɓɓansa, ko da yake wasu masana, irin su James Rose, suna ganin ƙwaƙwalwar kifi ba ta kai ta ji zafi yadda muke ji ba.

Ashe abin da ake yaba wa mutum a kansa a wannan gaɓa, a waccan gaɓar ana iya cin sa tara. Wannan karon kuwa gardamar ta ɗa'a ce ta ainihi, domin kowane ɓangare yana nuna wanda za a cuta: ɗaya yana kare jinsin kifi daga ƙarewa, ɗaya yana kare kifi guda daga azaba. Mu da addininmu ya hana a mai da mai rai abin bara don wasa, za mu fi fahimtar ɓangare na biyu, kuma ina ganin hujjarsa ta fi nauyi a duk inda kifi ke da yawa. Inda kuwa jinsin ke gab da ƙarewa, saki ya fi kisa, barin fatsar gaba ɗaya kuma ya fi duka biyun. Abin lura shi ne sunan Wulff, duk girmansa, bai isa ya rufe wannan tambaya ba, kamar yadda sunan Halford bai rufe waccan ba.

Kammalawa

Ba na cikin masu cewa a rushe manya. Sana'ar da ba ta da magabata marainiya ce, kuma ba don Halford ya tsara hanya ba da Skues bai sami abin da zai gyara ba. Abin da labarin ke nema daga gare mu, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, shi ne mu san iyakar abin da suna ke iya tabbatarwa. Suna yana shaida cewa mutum ya iya, kuma ya cancanci a saurare shi kafin kowa. Ba ya shaida cewa duk abin da ya fi so wajibi ne, ba ya kuma wanke halinsa a sauran fagage. Ranar da wani matashi, ko wani dattijo irin Skues, ya zo mana da abin da idonsa ya gani wanda ya saɓa wa abin da muka gada, kafin mu ce ba shi da ladabi mu fara tambayar wa ya cuta. In ba mu sami kowa ba, sai mu karɓi farantin daga hannunsa mu duba abin da ke ciki, domin gani ya kori ji. Allah ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.